Dalilin da yasa na canza haƙoran aksul ɗin motata saboda jan tirela

Akwai wani hawa da nake bi duk lokacin da na ɗauko tirela, bai kai a kira shi dutse ba, tudu ne dai mai tsawo wanda sai kayi kusan kilomita huɗu kana hawa a hankali, toh wannan tudun shi ne yasa na buɗe aksul ɗin motata. Da zarar na kama shi da lodi a baya sai motar ta rikice, ta sauka giya ta uku, ta ɗan samu numfashi ta koma ta huɗu, gudu ya faɗi, ta sake saukowa, in na ƙara taka totur kuma ta zabura ta faɗa giya ta biyu inji ya kama ihu kamar zai fito ta bonet. Haka zamu yi ta yi har mu ƙure tudun, ni kuma idona na kan agogon zafin man giyabos yana ta hawa, raina a ɓace, don nasan abinda zafi ke yiwa giyabos.

Motar akori-kura ce irin ta Amurka, injin fetur mai silinda takwas, lita 5.3, giyabos otomatik mai giya huɗu, kuma tana ja da ƙafa huɗu. Tirelar da nake magana ba irin babbar tirelar nan ta titi bace, 'yar rufaffiya ce mai taya huɗu da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota, in na cika ta da kayan aiki tana kai kilo 2,500. Nauyin bai wuce abinda aka rubutawa motar ba, na auna a sikeli na tabbatar, shi yasa abin ya dame ni, don a takarda ya kamata ace tana ja ba tare da wannan wahalar ba.

Da farko inji na zarga. Na canza fulogi, na canza matatar iska, aka wanke min nozul, babu abinda ya canza ko kaɗan. Sai wani dattijon bakanike da nake kaiwa aiki, mutum ne mara yawan magana, ya zagaya motar sau ɗaya ya tsaya a gefen taya ya daki tayar da ƙafa yace, Malam, wannan tayar ce tazo da motar? Nace a'a Baba, ni na saka manya saboda hanyoyin da nake shiga. Yace toh injinka lafiyarsa lau, kai ka sace masa ƙarfi da hannunka. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, na koma gida na ɗauki biro da takarda, kuma abinda na gano shi nake so in baku, don na lura mutane da yawa suna jin ana cewa 3.42 ko 3.73 ko 4.10 amma basu san me lambar take nufi ba.

A cikin wannan tulun ƙarfen da ke tsakiyar aksul na baya akwai giya biyu da ke cizon juna. Akwai babba mai faɗi kamar faranti wanda makanikai ke cewa kirawun, shi ke juya tayoyi, akwai kuma ƙarami da ake cewa finiyo, shi ke haɗe da farfelar da ta taho daga giyabos. In ka ƙirga haƙoran babban ka raba da haƙoran ƙaramin, abinda ya baka shi ne lambar aksul ɗinka, shikenan. Nawa yana da haƙora 41 a kirawun, 12 a finiyo, ka raba zaka samu 3.42. In finiyon 11 ne zaka samu 3.73, in 10 ne 4.10, in 9 ne 4.56. Ma'anarsa kuma, a 3.42 sai farfela tayi juyi uku da kusan rabi kafin taya tayi juyi ɗaya, a 4.10 sai tayi juyi huɗu da ɗan ɗoriya. Duk lokacin da lambar ta ƙaru, ƙarfin murɗawar da ke isa taya yana ƙaruwa daidai gwargwado, amma inji zai fi yawan juyawa a gudu iri ɗaya. Kamar dai ka zura fayif a hannun sifana ne lokacin da noti ya ƙi kwancewa, ƙarfin damtsenka bai ƙaru ba, amma notin zai ji ƙarfin da ya fi na ɗazu, sai dai hannunka zai yi tafiya mai nisa kafin notin ya motsa kaɗan.

Wannan misalin na fayif ku riƙe shi da kyau, don nan ne mutane ke ruɗuwa. Canza haƙoran aksul baya ƙarawa inji ƙarfin doki ko guda ɗaya. Abinda yake yi shi ne ya matsar da injin zuwa wurin da yake da ƙarfinsa. Injin fetur irin nawa ƙarfin murɗawarsa yana cika ne a wajen juyi 4,000 a minti, a ƙasa da 1,500 kuwa kusan barci yake yi. In ka tilasta masa jan tan biyu da rabi yana juyi 1,300, ai dole giyabos ya shiga neman mafita.

Ita kuma taya babba aikin da take yi kishiyar wannan ne. Tayar da motar tazo da ita 265/70R17 ce, tsayinta inci 31.6. Wadda na saka 285/75R17, tsayinta inci 33.8. A ido bambancin ba wani abu bane, inci biyu da 'yan kai, amma taya mai tsayi tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, don haka inji yana rage juyi, ƙarfin da ke taɓa kwalta kuma yana raguwa. Lissafin mai sauƙi ne, ka ɗauki lambar aksul ka ninka da tsayin tsohuwar taya ka raba da tsayin sabuwa. 3.42 sau 31.6 a raba da 33.8 ya bani 3.20. Kenan ni ina yawo ina cewa aksul ɗina 3.42 ne alhali a aikace 3.20 nake tuƙawa, na zubar da kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarfin jan motar, ga tayar ta fi nauyi, ga motar ta ƙara tsayi iska na dukanta, sannan na maƙala mata tirela mai faɗin gaba kamar bango.

Akwai wani lissafi kuma da nake ganin duk mai niyyar wannan aikin ya kamata ya zauna yayi shi kafin ya sayi ko washa ɗaya. In kana so ka san juyin da inji zai yi a wani gudu, ka ɗauki gudun a kilomita, ka ninka da lambar aksul, ka ninka da lambar giyar da kake ciki, ka ninka da 209, sai ka raba da tsayin taya a inci. Masu lissafi da mil suna amfani da 336 a madadin 209. Giyabos ɗina shi ne wanda ake kira 4L60E, giyarsa ta ɗaya 3.06, ta biyu 1.63, ta uku 1.00, ta huɗu 0.70. Ni da tirela bana wuce 90. Da na lissafa a 90 ɗin da tsohon aksul, sai naga a giya ta huɗu injin yana juyi wajen 1,330 ne kawai, a ta uku wajen 1,900, in ta faɗa ta biyu kuma ya tashi sama da 3,000. Kunga inda matsalar take, ta huɗu babu ƙarfi sam, ta uku ma a kan tudu da kyar take riƙewa, ta biyu kuma tayi yawa, motar bata da giyar da zata zauna a ciki ta huta.

Kuma wannan hawa da saukar ba wai hayaniya ce kawai mai ɓata rai ba. Tsakanin inji da giyabos na otomatik akwai wani tulu cike da mai da ake kira kombata, a tafiyar lafiya yana kulle kansa inji da giyabos su zama kamar abu ɗaya. Amma duk sanda mota ta ji nauyi sai ya saki, ya koma tura ƙarfi ta cikin mai, toh wannan santsin da yake yi zafi yake zama, zafin kuma cikin man giyabos yake zuwa. Ga kuma faifan kulocin da ke ciki suna kamawa suna saki a duk canjin giya, da lodi a kansu. Mai in ya sha zafi sosai launinsa yana komawa ruwan ƙasa, ya kama ƙauri, daga nan kuma faifan su fara ƙonewa. Yawancin giyabos ɗin da ke mutuwa a motocin ja, zafi ne ke kashe su.

Sai na zauna zaɓe tsakanin uku, 3.73 da 4.10 da 4.56. Ita 3.73 na cire ta da wuri, don daga 3.42 ƙarin kashi 9 ne kawai, da manyan tayoyina kuma zata dawo kamar 3.49, wato in kashe kuɗin buɗe aksul biyu don in dawo inda motar take ranar da ta fito daga kamfani, gaskiya bai cancanta ba. Wannan shawara ce da zan bawa kowa, in tsallen da zaka yi bai kai kashi 10 zuwa 15 ba toh da wuya ka ji shi a ƙafarka, gara ka bari. Ita 4.10 ƙarin kashi 20 ce, da tayoyina tana zama kamar 3.83. Ita kuma 4.56 ƙarin kashi 33 ce, tana zama kamar 4.26. A 90 ɗin nan da 4.10, giya ta uku zata bani wajen 2,280, ta huɗu wajen 1,600. Da 4.56 ta uku wajen 2,540, ta huɗu wajen 1,780.

Na daɗe ina juya maganar 4.56 a raina, kuma har yau ina ganin da ace kullum tirela nake ja da ita zan saka, babu ko tantama. Amma ni kwanakin da motar ke tafiya babu komai a baya sun fi yawa, kuma ina yin doguwar tafiya a babbar hanya, bana son inji yana ta ƙugi a kunnena awa huɗu yana shan mai a banza. Sannan farfela ma gudun juyinta yana ƙaruwa daidai da ƙarin lambar, in tana da ɗan rashin daidaito da baka ji a da, yanzu zaka ji shi a kujera. Finiyon ma yana ƙara ƙanƙancewa, haƙora 9 ne kacal ke ɗaukar duk nauyin. Sai na tsaya a 4.10.

Bari in ɗan kauce in faɗi wani abu, don kar wani mai sabuwar mota ya karanta wannan ya ruga gareji. Duk wannan wahalar ta masu giya huɗu ce, ko biyar. Motocin yanzu masu giya takwas ko goma labarinsu daban ne. Giyabos mai giya goma da kamfanonin Ford da GM suka haɗa hannu suka ƙera, wanda ya fara fitowa a akori-kurar Ford F-150 ta 2017, giyarsa ta ɗaya wajen 4.70 ce. In ka ninka da aksul 3.31 zaka samu 15.6. Ni da sabon 4.10 ɗina in na ninka da 3.06 abinda nake samu 12.5 ne, a da ma 10.5 ne. Kaga mai giya goma ko da ƙaramar lambar aksul ya fi ni ƙarfin tashi daga tsaye nesa ba kusa ba, kuma giyoyinsa suna kusa da juna, in ta takwas tayi masa nauyi ya sauka ta bakwai ba tare da inji ya zabura ba. Mai irin wannan motar sau da yawa abinda yake buƙata kawai ya danna maɓallin jan kaya da aka rubuta Tow/Haul, ko ya hana motar hawa giyoyin sama guda biyu. Haka ma mai injin dizal, shi ƙarfinsa yana cika tun kafin juyi 2,000, in ya saka lamba babba sosai sai ya ture injin daga inda yake da daɗi. Don haka ba kowa bane maganin ciwonsa ke cikin aksul.

Kafin ma ka fara lissafi ka tabbatar da lambar da ke motarka, kar ka dogara da abinda wanda ya sayar maka ya faɗa. Motocin GM na shekarun baya suna da takardar lambobi a cikin akwatin gaban fasinja, GU6 na nufin 3.42, GT4 na nufin 3.73, GT5 kuma 4.10. Ford suna saka tasu alamar a takardar jikin ƙofar direba. Amma tunda mota tana iya wucewa ta hannu da yawa wani ya riga ya canza, hanyar da ta fi tabbas ita ce ka ƙirga da kanka. Ka tare tayoyin gaba da kyau, ka ɗaga tayar baya guda ɗaya, ka saka giya a furi, ka yi alama da alli a jikin farfela da jikin taya, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela, abinda ka ƙirga shi ne lambar. In aksul ɗinka mai kama ƙafa biyu ne, wanda taya ɗaya bata juyawa ita kaɗai, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau ɗaya. Kuma don Allah kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ya riƙe ta.

Sai maganar ƙafa huɗu, wadda ita ce ta ninka min aikin. In motarka tana ja da gaba da baya, dole ne aksul biyun su zama lamba ɗaya, babu zancen in yi na baya yanzu in yi na gaba in na samu hali. Ranar da ka manta ka saka ta a ƙafa huɗu alhali gaba 3.42 baya 4.10, tayoyin gaba suna son gudu fiye da na baya da kashi 20, toh wani abu a tsakani sai ya karye, ko akwatin raba ƙarfi ko farfela ko haƙoran kansu. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba sai ya sayo kaya sun ƙi shiga, wasu aksul ɗin gidan da kirawun ke zama a kai iri biyu ne, akwai na ƙananan lambobi akwai na manya, saboda in finiyo ya ƙanƙance dole kirawun ya matso kusa dashi. Aksul ɗin da ake kira Dana 44 misali, daga 3.73 zuwa ƙasa gida ɗaya ne, daga 3.92 zuwa sama wani gidan daban. Dana 60 kuma iyakarsa tsakanin 4.10 ne da 4.56. Shi Ford 8.8 bashi da wannan matsalar. Ka san sunan aksul ɗinka kafin kayi oda.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, kuma nan ne nake so in daɗe, don sayen haƙora kowa na iya yi, ɗaura su ne sai gwani. Kirawun da finiyo tare ake goga su a masana'anta har su saba da juna, shi yasa ake sayar dasu a haɗe, ba a ɗaukar na wannan a haɗa da na wancan. Kuma finiyon ba a tsakiyar kirawun yake cizo ba, ƙasa kaɗan yake, don haka haƙoran suna murzar juna ne suna zamewa a lokaci guda, kuskuren da bai kai kaurin gashi biyu ba ya isa ya sa su kuka. Abu huɗu ake saitawa kuma kowanne yana taɓa ɗan uwansa. Akwai zurfin da finiyo zai shiga cikin kirawun, wannan da siraran washa ake saita shi a bayan boris. Akwai 'yar tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori, wadda a yawancin aksul take tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.25, da agogon awo mai allura ake auna ta, ba da hannu ba. Akwai matsin boris ɗin finiyo, akwai kuma matsin boris ɗin gidan kirawun.

Na tsaya a kan Baba kwana biyu yana wannan aikin kuma ban taɓa ganin haƙuri irin nasa ba. Zai shafa wani fenti rawaya a haƙora huɗu ko biyar, ya juya kirawun gaba da baya yana ɗan riƙe shi da tsumma don ya ji nauyi, sai ya duƙa da tocila yana karanta inda fentin ya goge kamar mai karanta wasiƙa. In gogewar tayi can saman haƙori, finiyo bai shiga sosai ba. In tayi can gindin haƙori, ya shiga da yawa. Abinda ake nema ta zauna a tsakiya, a ɓangaren da ke turawa da ɓangaren da ke riƙewa in ka ɗaga ƙafa daga totur. Sau huɗu ya kwance na baya ya sake washa. A karo na uku ni a idona yayi kyau, nace Baba ai wannan yayi, bai ko ɗago ba yace, Malam, yayi wa mota mara kaya, kai kuma tirela zaka ja. Ya sake kwancewa.

Akwai wani ɗan zobe kamar guntun fayif a tsakanin boris biyu na finiyo, wanda yake lotsewa a hankali yayin da ake ɗaure babban notin, shi ke bada matsin da ake so. Abin lura dashi, in ka wuce gona da iri wajen ɗaurewa ba a sassautawa a ce an gyara, ya riga ya lotse, sai dai a sako sabo. Shi yasa ake ɗaurewa kaɗan kaɗan ana auna ƙarfin da finiyon ke buƙata kafin ya juya, da ƙaramar sifanar awo. Duk wanda ka ga ya ɗauko bindigar iska ya zuga notin nan har ya tsaya sannan yace an gama, ka ɗauke motarka. Wani abokina haka aka yi masa, da safe ya kai mota da la'asar aka bashi, ko sati biyu ba a yi ba aksul ya fara wani siririn kuka duk sanda ya saki totur, kuma abin takaicin in haƙora suka riga suka ci juna a karkace ko an sake saiti kukan baya tafiya gaba ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Kuma tunda an riga an buɗe, a canza boris da sil duka, kar a mayar da tsofaffi.

Bayan an ɗaura kuma sai haƙurinka kai mai mota. Sabbin haƙora suna yin zafi sosai kafin su goge su saba. Abinda masu ƙera su suka saba cewa shi ne kayi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a hankali, ka tsaya aksul ya huce sarai, ka maimaita haka sau biyu ko uku, kuma kar ka ja komai sai ka cika kilomita 800, sannan ka zubar da man ka zuba sabo. Ranar farko da zaka ja tirela ma gajeriyar tafiya zaka yi ka tsaya ya huce. Wannan yana nufin ka tsara lokacinka, ba a fafe gora ranar tafiya, kar kayi aikin ana saura kwana uku ka ɗauki lodi. Ni sai da na haƙura da tirela kusan sati uku. Da muka buɗe a kilomita 800 man ya fito da duhu, ga wani laushin ƙarfe kamar toka a jikin maganaɗisu, wannan ba komai bane, abin tsoro shi ne ka ga ɓarɓashi mai kaifi da zaka ji a yatsa. Man da ake zubawa mai alamar GL-5 ne, masu jan kaya da yawa suna zaɓar 75W-140 saboda juriyar zafi, in kuma aksul ɗinka mai faifan kuloci ne a ciki akwai ɗan sinadarin da ake ƙara masa don kar ya dinga kakkarwa a kwana.

Agogon gudu ma sai da aka gyara. Motata daga bayan giyabos take karanta gudu, don haka bayan aikin ina tafiya 100 na gaskiya allura tana nuna 112, kuma ba agogon kaɗai abin ya shafa ba, kwamfutar motar da wannan gudun take yanke shawarar lokacin canza giya. Aka jona mata na'ura aka shigar da sabuwar lambar aksul da tsayin taya, komai ya dawo daidai. Motocin da ke karanta gudu daga ƙafafu agogonsu baya ruɗewa da canjin aksul, amma su ma yana da kyau a sanar da kwamfutar.

Akwai magana ɗaya da bana so kowa ya fahimce ni a baibai a kanta. Gaskiya ne kamfanoni suna rubutawa mota mai babbar lambar aksul nauyin ja fiye da 'yar uwarta mai ƙaramar lamba, amma kai in ka canza a gareji, takardar jikin ƙofarka bata canza ba. GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abinda ke cikinta, yana nan yadda yake. Birkinka shi ne dai na jiya, sifirin ɗinka da sasi da lagireto da ƙugiya duk basu san anyi wani aiki ba. Su kamfanonin ba da inji da aksul kaɗai suke auna abin ba, akwai ma'aunin da ake kira SAE J2807 wanda a ciki ake sa mota ta hau doguwar hanyar Davis Dam a jihar Arizona, wajen kilomita 18 na hawa, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, sannan a gwada birki da yadda motar ke riƙe tirela a kwana. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ma, wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar, cikin lodin motar ake lissafa shi tare da kai da fasinjojinka. Haɗarin ma shi ne bayan aikin motar zata ji maka sauƙi a ƙafa har zuciya ta fara raya maka ƙara kaya, alhali ranar da tirela ta fara lilo a gangara babu abinda lambar aksul zata yi maka.

Toh ya motar take yanzu? Tashi daga tsaye ya canza sosai, musamman in zan ja baya da tirela a wuri mai ɗan tudu, a da sai na taka sosai kombata yana ta dafa mai, yanzu da ɗan taɓi take motsawa. Shan mai in babu kaya ya ɗan ƙaru a babbar hanya, ba zan ɓoye ba, a cikin gari kuma ban ga bambanci ba, da tirela kuwa kusan ɗaya ne da na da, don yanzu ba na nitsa ƙafa a totur kamar da. Abinda ban yi tsammani ba kuma naji daɗinsa shi ne gangara, in na sauke ta giya ta biyu inji yana riƙe motar fiye da da, ƙafata tana hutawa a kan birki.

Shi kuma tudun nan, ranar da na fara komawa da cikakken lodi tun daga gindinsa na saka ta a giya ta uku da hannuna, allura ta tsaya a wajen 2,300, kombata ya kulle, ta kama hawa da murya ɗaya bata sauka ba bata hau ba har muka kai sama, agogon zafin man giyabos ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. Giya ta huɗu har yanzu bana ja da ita sai a shimfiɗaɗɗiyar hanya in babu iska a gaba, juyi 1,600 bai isa tan biyu da rabi a kan hawa ba, kuma nasan da haka tun a takarda. Abinda ya rage min yanzu shi ne ƙarin 'yar lagireton man giyabos a gaba kafin lokacin zafi ya shigo, na riga na auna wurin da zata zauna, Baba yace in kawo motar da sassafe ranar da bashi da wani aiki a ƙasa.